Ranar da Na Yi wa Fiza Ɗumame a Ingila

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu tun daga fari. Idan wawan wannan labari yake nema, kada ya wahalar da kansa, ni ne. Sunana Dauda, amma a Kafanchan Baba Reluwe ake ce mini, domin na tsufa ina juya wa jiragen ƙasa layi, har jiragen suka gaji suka daina zuwa, ni ma na yi ritaya na koma gonar citta. A makarantar mishan ta Kagoro aji huɗu na tsaya. Turancin da na samo a can ya ishe ni gaisuwa da tambayar hanya da gardama, kuma da shi na je Ingila na dawo ba wanda ya kama ni.

Aikin da ya kai ni ba nawa ba ne. 'Yarmu Rahila nas ce a can. Ta yi haihuwar fari, kuma sai da aka yi mata aiki. Kowa ya san uwa ce ke zuwa jego: ita za ta dafa ruwan wanka, ta dama kunu, ta yi farfesu mai citta, ta karɓi jariri mai jego ta runtsa. Muka nemi biza tare da Maman Rahila, ni a matsayin ɗan rakiya. Da aka zo ɗaukar zanen yatsu, na'ura ta karanta nawa nan take, nata kuwa ta ƙi. Tsagar citta da wanke-wanke sun cinye zanen. Aka ce ta je ta hutar da hannu, ta riƙa shafa mai, ta sake dawowa. Maman Rahila ta kama yatsuna ta duba, ta ce ba ta yi mamaki ba, hannun da bai taɓa wanke ko cokali ba dole ya fito tas. Tawa bizar ta fito, tata ta tsaya. Ta cika mini akwati guda da kayan abinci, ta ce in riƙe mata yarinya har ta iso. Abu ɗaya ta roƙe ni: Rahila ta ci abinci mai zafi.

Mijin Rahila, Bitrus, shi ya tarbe ni a filin jirgi. Yaron kirki ne, sai dai hutun da aka ba shi ya ƙare, aikinsa kuma a wani gari ne, yakan fita da sassafe ya dawo kamar an yi masa duka. A mota ya fara ba ni haƙuri, wai shi taliya da ƙwai kaɗai ya iya, Rahila kuwa tun da ta haihu ko warin ƙwai ba ta so. Na gyara zama na ce ya bar mini ɓangaren abinci. Har yau ina neman wanda ya aike ni in faɗi haka. Ina jin kunyar surukuta ce. A wurinmu dattijo ba ya buɗe baki gaban mijin 'yarsa ya ce akwai abin da bai iya ba. Bitrus ya yi ajiyar zuciya ya ce Ubangiji ya saka mini.

Da na ga Rahila sai wasa ya fita daga kaina. Yarinyar da ta fi kowa surutu a gidana, wadda sai an kore ta daga kan tukunya, ita ce zaune a bakin gado idanu sun faɗa tana kallon bango. Matan cocinsu sun kawo abinci a makon farko, sun koma ayyukansu. Nono bai zo sosai ba. Jaririya na kuka, uwar ma na kuka ba sauti. Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Mama fa?" alhali ta san amsar. Matar da ke zuwa duba ta daga asibiti ta gaya mini a hankali, yadda ake yi wa kurma magana, cewa idan Rahila ba ta fara ci ba za su mayar da ita gado, jaririya kuma a ɗora ta kan madarar gwangwani.

Na shiga kicin na tsaya. Ba itace, ba gawayi, ba turmi. Wani baƙin gilashi ne a shimfiɗe, wai shi ne murhu, a ƙarƙashinsa kuma akwatin gashi mai maɓallai kamar gaban injin jirgi. Na koma ɗakina na tura akwatin Maman Rahila ƙarƙashin gado ban ko buɗe ba. Na ce a raina ƙasar da ta ƙera jirgin ƙasa ba za ta rasa dafaffen abinci na sayarwa ba.

Mu mutanen reluwe tasha-tasha muke lissafa tafiya. Tashata ta farko wata takardar talla ce da aka zuro ta ramin ƙofa. Hoton wani faifan burodi ne da ake ce wa fiza, nama a kansa tuli, cuku na zuba, tururi na tashi. Na ce ga zafi ga nama, me ya rage wa mai jego? Na sa rigunan sanyi biyu na bi titi har na ga shagon. Na wani babban kamfani ne, daga baya na ji ko a Abuja suna da reshe. Yara ne a ciki da huluna iri ɗaya, suna gudu kamar ana binsu. Na nuna wa yarinyar da ke gaba hoton na ce wannan. Ta jero mini tambayoyi da wani Turanci da ba shi aka koya mana a Kagoro ba, ta hanci yake fita. Malamin mishan ya taɓa gaya mana cewa mai ladabi ba ya cewa a'a, saboda haka duk abin da ta ce na amsa da yes.

A gida na buɗe kwali. Naman da ke hoto ya yi hijira, 'yan ƙwayoyi suka rage nan da can kamar fasinjojin jirgin Talata. A madadinsa abarba ce. Abarba a kan burodi da tumatir, an gasa. Ga wasu ƙananan kwalaye da ban san na amince da su ba, har da kwalbar lemo mai sanyi ƙarara, abin da mai jego ko kallo ba a bari ta yi. Duk da haka dole in yi adalci: ta zo da zafi, ta zo da sauri, burodin da kauri da laushi, ciki na cika. Sai dai gishiri kamar an yi faɗa da shi, kuma wadda ta kwana da safe ta zama tafin takalmi. Na sake saye a wani reshe don bincike, ɗanɗanon bai kauce ko kaɗan ba, kamar tikitin jirgi, na Kafanchan da na Zariya bugu ɗaya. Na barbaɗa garin cittar da na zo da shi a aljihun riga don mura, na kai wa Rahila. Ta gutsura ta ce an gode, ta ajiye. Ni na cinye sauran, don kada a yi asara.

Maman Rahila ta kira a waya ta ce, "Ta ci?" Na ce ta ci. Ta ce me ta ci? Na ce abincin da mutanen nan suka yarda da shi, har da citta a kai. Ta tambayi lafiyar akwatinta, na ce yana nan ba abin da ya taɓa shi. A nan kam ban yi ƙarya ba.

Tasha ta biyu ɓata ce ta kai ni. Gidajen unguwar uwa ɗaya uba ɗaya ne, jan bulo, farar taga, ba bishiyar mangwaro ko shagon mai faci da mutum zai yi alama da shi. Na fita da rana neman wani abin da zan gwada, yayyafi ya sauko, irin ruwansu da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Na juya in koma, kowane layi ya ce shi ne nawa. Na tambayi wani saurayi, ya nuna kunnensa mai waya ya wuce. Wata mata ta ja karenta gefe. A nan ne na fara tunanin dutsen Kagoro da yamma, lokacin da hayaƙin gidaje ke kwanciya a gindinsa, mata na dawowa daga gona. Sai na ga kamar hancina ma ya shiga tunanin, domin ƙamshin hayaƙin itace nake ji. Na bi shi kamar akuya, ya kai ni wani ƙaramin gidan abinci mai tebura kaɗan.

Mai wurin tsoho ne sa'ana, mutumin Italiya, gajere mai tumbi. Ya faɗi sunansa ban riƙe ba, na sa masa Mai Tanderu. Bai tambaye ni me zan saya ba. Ya dubi takalmana, ya jawo kujera kusa da wuta, ya miƙo mini tawul. Turancinsa da nawa ajinsu ɗaya, saboda haka muka fahimci juna sarai. Tanderun na bulo ne, itace na ci a ciki. Yana murza ƙullin fulawa da hannu, ya juya shi a iska, ya shafa tumatir, ya yayyaga farin cuku, ya ɗora kan dogon shebur na katako ya zura cikin wuta. Na tuna masu zuba wa tsohon injin jirgi gawayi, na gaya masa, ya yi dariya ya ce mahaifinsa ma a layin dogo ya yi aiki. Na nuna masa hoton jikata a waya, ya nuna mini nasa jikokin, muka yi musun waɗanda suka fi kyau.

Da ya ajiye mini fizar na raina ta. Siririya, bakinta ya ƙone nan da can, ba nama, sai wani ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya. Na ce a raina tsohon nan rowa gare shi. Na kai baki. Mai karatu, ni dattijon ikilisiya ne, ba na yabon abin duniya da yawa, amma na rufe ido. Ƙunar nan ita ce daɗin, irin na ƙanzon tuwo ko masarar da aka gasa a bakin gona. Na ce ya naɗe mini wata in kai wa 'yata, ta haihu ba ta cin abinci. Ya girgiza kai, ya ce tasa fizar ba ta son kwali, tana mutuwa a hanya, in kawo yarinyar ta ci a nan. Na ce mai jego ba ta fita. Ya ce wace doka ce? Na ce tamu. Ya ɗaga kafaɗa ya naɗe. Da ya gane ban san hanyar gida ba, ya cire rigar aikinsa ya bar wa matarsa shagon, ya riƙe mini laima muka yi ta zagaye har na gane labulen tagarmu.

Maganarsa ta tabbata. Kafin mu iso fizar ta huce ta yi laƙwas kamar ganyen kabewa a rana. Rahila ta ci loma ɗaya don ta faranta mini, ta juya ta fuskanci bango. A ranar na zauna a falo da jaririya a hannu ina yi mata waƙar coci, ina jin tsoro na gaske. Matar asibiti za ta dawo ƙarshen mako.

Tasha ta uku a babban kanti take. An aike ni sayen ƙunzugun jarirai, sai na ga layin firiza, fiza a ciki an jera kamar faranti, a daskare. Na ce ga maganin hucewa a hanya: wadda ba ta da zafin da za ta rasa. Na ɗebo da yawa na cika firizar gidan. Daga nan sai wata damuwa ta kama ni, idan aka ɗauke wuta fa? Na wuni ina kallon ƙwan fitila. Da Bitrus ya dawo na tambaye shi da dabara ko yaushe ne layinsu ke rasa wuta. Ya ce tun da ya zo ƙasar bai gani ba. Ban yarda ba, amma ban yi musu da suruki ba.

Washegari da hantsi na ciro ɗaya. Tauri kamar murfin tukunyar ƙarfe. Akwai rubutu a bayan kwalin, ƙanana kamar ƙwan kifi, tabarauna kuma na karatun Littafi ne, ba ya karanta irin wannan. Akwatin gashin nan mai maɓallai ban yarda da shi ba, ba zan ƙona gidan haya a ƙasar mutane ba. Murhun sama dai na ga yadda Bitrus ke murɗa shi. Na tsaya na yi tunani irin na mai ilimi. Abinci ne dafaffe da ya yi sanyi. Me ake yi wa dafaffen abinci da ya yi sanyi? Ɗumame. Shi ne girki ɗaya da na sani, domin tun aurenmu kowace safiya ina zaune kusa da murhu ina jiran Maman Rahila ta sauke shi. A zuba ruwa a tukunya, a yanka tuwo a ciki, a rufe.

Na karya fizar da gwiwa, na jera gutsattsarin a tukunya, na zuba ruwa. Na tuna mai jego ake yi wa, na juye sauran cittar aljihuna. Na ga kamar da saura, na jawo akwatin nan na zura hannu ta gefe, na lalubo ƙullin daddawa na marmasa a kai. Na rufe na zauna.

Ban san ko akwai wanda ya taɓa haɗa cuku da daddawa a tukunya ɗaya ba. Idan babu, ina roƙo a bar tarihin a kaina, kada wani ya maimaita. Warin ya cika kicin, ya bi falo, ya hau bene. Ina cikin juyawa da cokali, abin yana bin cokalin kamar ƙaro, sai na ji motsi a bayana. Rahila ce a bakin ƙofa, dafe da bango, karo na farko da na ga ta sauko da kanta.

Ta ce, "Baba, me ya mutu?"

Na ce ba abin da ya mutu, ɗumame nake yi mata.

Ta matso ta leƙa tukunyar. Ta ga kwalin a gefe. Ta sake leƙawa. Sai kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kukan ne ya dawo, ashe dariya ce. Ta riƙe wurin ɗinkin da hannu biyu tana cewa in daina, alhali ba abin da nake yi, tsaye kawai nake da cokali. Ta zame kan kujera tana dariya har hawaye, daga nan ta zarce da kuka na gaske, mai sauti, ta ce Mamanta take so. Na ce ni ma ita nake so. Muka zauna haka, tukunya na tafasa.

Da ta share ido ta ce, "Na ji daddawar Mama. Ina sauran kayan?"

Na jawo akwatin har kicin muka buɗe. Acha ce, an wanke an rairaye an shanya, ba tsakuwa ko ɗaya. Ga dakakkiyar gyaɗa, ga busasshiyar yakuwa, ga gauta, ga kayan yaji, kowanne an ƙulla shi daidai tukunya ɗaya, yadda ko makaho zai iya. Rahila ta ce Mama ta san wanda ta aiko. Na ce mata gaskiya ban taɓa dafa ko ruwan shayi ba, kada dai Bitrus ya ji. Ta ce Bitrus ya sani tun ranar abarba, kunyata yake ji.

Ta zauna da jaririya a cinya tana ba da umarni, ni ina bi. Wanke tukunyar nan sau biyu. Ruwa ya tafasa tukuna. Ba haka ake zuba acha ba, Baba, a hankali, kana juyawa. Tun ina yaro a reluwe ba a yi mini tsawa irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin daɗin tsawa haka ba. Gwaten ya ɗan yi gudaji, gishiri ya gaza. Ta shanye kwano, ta miƙo a ƙara. Kafin matar asibiti ta dawo nono ya zo har yana jiƙa riga, aka daina maganar gado.

Sauran zamana lafiya ne. Na iya gwate, na iya kunu, farfesu ne dai har na taho bai yarda da ni ba. Bitrus ya nuna mini maɓallin akwatin gashi ba tare da ya kalli idona ba, muka gasa ta firizar yadda masu ita suka nufa. Ba laifi, kamar biskit ɗin kabin da aka shafa wa tumatir, tana kashe yunwa kuma ba ta aiken mutum cikin ruwa. Da Rahila ta yi arba'in muka je wurin Mai Tanderu da jaririya, ta ci fizarsa da zafinta a gaban wuta ta cinye guda, tsohon yana tsaye a kanta kamar shi ya haife ta. Na ba shi citta, ya shinshina ya ce ba za ta hau fizarsa ba ko bayan ransa, amma zai sha a shayi. Maman Rahila ta iso da yatsu masu santsi, ta tarar da 'yarta ta murmure, ta karɓi kicin ba ta ce mini komai ba. Ya kamata shirun nan ya ba ni tsoro.

Bayan mun dawo gida, wata Lahadi an tashi sujada, dattawa suka tsare ni a gindin mangwaron coci. Jikokinsu na damunsu da maganar fiza, suna son ra'ayin wanda ya je tushenta. Na gyara murya na ce na gudanar da bincike a tashoshi uku. Ta kamfani ta mai sauri ce da mai yunwa, a kiyayi cewa yes. Ta Mai Tanderu ita ce sarauniya a baki, amma sai ka je fadarta, ba ta zuwa gidan kowa. Lamba ɗaya kuwa na ba ta firiza, domin ita ce ta tayar da 'yata daga gado, abin da likitocin Ingila suka kasa, kuma da hannun nan nawa aka yi.

Ban san Maman Rahila na bayana ba, ta fito daga taron zumuntar mata da Littafinta a hammata. Ba ta ko tsaya ba.

Ta ce, "Ba fiza ce ta tayar da ita ba. Jariri ɗaya ta haifa, ta leƙa kicin ta ga na aika mata na biyu mai furfura. Wace uwa ce za ta kwanta?"